Tambaya: motar miliyar ɗaya da rabi, da gaske ta ci kuɗinta?

Ɗan_Birni:

Salamu alaikum 'yan uwa, ya gida ya zafi. Wata magana ce ta taso jiya da dare a fadarmu nan Birni, har aka sha shayi na uku aka wanke kofuna ba a rabu da gardama ba, shi ne nace bari in kawo ta nan ko a samu masu sani su warware mana.

Wani yaro ne ya nuna mana bidiyo a salularshi, Bugatti Chiron irin wadda Cristiano Ronaldo ke da ita, yace lokacin da ta fito a 2016 kuɗinta yuro miliyon 2 da dubu 400 ne. Na ƙaryata shi, na amshi salular na duba da kaina na ga haka ne, na buga lissafin da sefa ya ba ni miliyar 1 da miliyon 574, kuma wannan fa ba kuɗin jirgi ba duwan. Muna cikin haka sai ya ƙara nuna mana wata baƙa wuluk mai suna La Voiture Noire, guda ɗaya tak aka ƙera, aka fara nuna ta a 2019, yuro miliyon 11 kafin haraji, wato ta haura miliyar 7 namu.

Ni direba ne, Hilux ɗin wani bawan Allah nake ja tsakanin Damagaram da Tanut, kuma tun ina lakkwal bayan kowane kayena motoci ne nake zanawa, to wallahi da na ji kukan injin motar nan sai da tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. Amma kuma da na kwanta sai lissafin ya hana ni barci. A fada wasu sun ce hauka ce tsagwaronta, wasu sun ce bature ba ya sa ma abu kuɗi haka kawai sai da dalili. Dan Allah masu sanin mota ku gaya min, me ke cikinta? Ƙarfen ne ake saye ko sunan? Kuma wanda ya saya, kwalliya na biyan kuɗin sabulu kuwa?

Mai_Garaji_Zango:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun ina yaro nake ƙarƙashin mota har yau furfura ta fito, ban taɓa sa hannu a Bugatti ba kuma na san ba zan sa ba, amma na bi labarinta sosai saboda sana'a ce, to bari in gaya ma abin da na fahimta.

Ka ɗauki yayarta Veyron wadda ta fito 2005. Injinta silinda 16 ne, kai da kake jan Hilux mai silinda 4 ka lissafa, ga turbo huɗu, ƙarfin doki 1001, tana taka kilomita 407 a awa. Chiron ɗin da ka gani ita kuma doki 1500 ne. Abin da mutane ba su ganewa shi ne gudu ba kamar hawa tsani ba ne da kowane taki daidai yake da na baya. Iska ce abokiyar gaba. Ka fito da hannunka ta taga kana 60, sannan ka fito da shi kana 120 ka ji yadda take tura shi baya, to in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin da inji ke buƙata don ya tsaga iska yana ninkuwa sau takwas ne. Shi ya sa kai mota 200 ba wani abu ba ne yanzu, amma daga 300 zuwa 400 nan ne kuɗin ke ƙonewa. Zafin da injin nan ke haifarwa kuwa sai da aka sa mata radiyato guda 10, mu nan guda ɗaya ma in ya toshe a watan zafi ka ga yadda mota ke tafasa. Taya ma dole aka ƙera mata nata na musamman a Michelin don taya ta gari a wannan gudun tarwatsewa za ta yi, kuma kuɗin tayun huɗu kaɗai ya sayi mota mai kyau a nan. Har makulli biyu gare ta, na biyun sai ka tsaya cak ka murɗa shi kusa da kujerar direba kafin ta yarda ta ba ka gudunta na ƙarshe, a nan sai ta ƙara kwantawa ƙasa.

To ka ga wajen aiki dai ba damfara ba ce, an yi aiki na gaske. Hasali ma masu lissafin kasuwa sun kiyasta cewa Volkswagen da ke da kamfanin a lokacin asara ta dinga yi a kan kowace Veyron, don guda 450 kawai aka yi kuma kuɗin binciken da aka kashe ba zai fita a cikinsu ba.

Amma yanzu ka kawo Veyron ɗin nan garin. Tankinta lita 100 ne, in ka take ta har ƙarshe cikin minti 12 ta shanye shi, wato wajen jikka 50 na esansi a farashin 499, kuma in ka lissafa kilomita 80 ne kawai, ka bar Damagaram ko Magariya ba ka kai ba ka tsaya. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 12 da rabi ne, ko tsawon salularka bai kai ba. Wane lungu na Garin Malam za ta shiga da damina? Tudun nan da ake yi kan gudron don rage gudu ma ya ishe ta.

Ina da misali ƙarami a garajina. Wani mutum ya tara kuɗinshi shekara da shekaru ya sa aka kawo mishi wata motar Turai ta alfarma daga Kwatano, irin mai tashi da iska maimakon sifirin, ko kusa da Bugatti ba ta kai ba amma a nan garin ta isa a juyo a kalle ta. Wata huɗu ya hau, wata safiya ya fito ya tarar ta durƙusa gaba kamar raƙumi. Balon ɗin iskar ne ya fashe, yashi ya cinye shi. Na nema a nan babu, Maraɗi babu, na aika Kano aka kawo na wata daban bai shiga ba, wata bakwai tana ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a garajina, ƙura ta rufe gilashin har yara na rubuta sunansu a kai da yatsa. Duk sati sai ya zo da yamma ya zauna kan benci yana kallonta ba ya cewa komai, ni kaina abin ya dinga ci min rai don na san guminshi ne a ajiye wajen. A ƙarshe rabin kuɗi ya sayar. Mota ba ita kaɗai ake saye ba ƙanena, da hanyarta da manta da makanikenta da piyes ɗinta ake sayenta, wanda bai da waɗannan to kwalin kawai ya saya.

Maman_Hadiza:

Ɗana Ɗan Birni, ni ba na cikin masu sanin mota, amma na karanta lissafinka hawaye ya zo min. Yau da asuba tun kafin kiran salla na farko 'yata ta ɗauki bido biyu ta tafi layin famfo, sai da rana ta fito ta dawo da ɗaya, ɗayan babu, kuma ta makara lakkwal. Kowa a garin nan ya san wannan, tun muna yara ake maganar ruwan Damagaram har muka haifi namu suna bin layin da muka bi. Sannan a ce min wani ya ɗauki miliyar ɗaya da rabi ya sayi abin hawan mutum biyu, ko buhun gero ba ta ɗauka, ko mara lafiya ba a kwantar da shi a ciki a kai shi likita. Ka raba kuɗin da mafi ƙarancin albashi na ƙasar nan jikka 42 a wata, mutum sai ya yi aiki wajen shekara dubu uku bai ci bai sha ba.

In baturen da ya yi kasuwancinshi ya samu ne to shi da kuɗinshi, ba ni da ta cewa. Abin da ke ƙona min zuciya na gida ne. Ɗan shugaban ƙasar Ikwatoriyal Gini, Teodorin Obiang, wanda shi ne ma mataimakin shugaban ƙasar, hukumomin Suwis sun ƙwace motocinshi, a 2019 aka yi gwanjon guda 25 aka samu wajen dalar Amurka miliyon 27, Lamborghini ɗaya a ciki ta haura miliyon 8 ita kaɗai. Kafin nan ma a Faransa an kwashe wasu a gidanshi na Paris har da Bugatti. Ƙasa ce mai arzikin mai kuma talakawanta na nan cikin wahala irin tamu. Shi ya sa ni duk sanda na ga irin motar nan a hannun ɗan Afirka tambayata ta farko ba nawa ya saya ba ce, ina ya samu.

Alhaji_Kasuwar_Dole:

Hajiya Allah ya ba da haƙuri, maganarki gaskiya ce kuma ba mai musunta ta, ni ma 'yan garuwa nake saye a gidana. Amma yaron nan ya yi tambaya ta kasuwa kuma akwai ɓangaren da ba a taɓo ba.

Da yawan masu sayen motocin nan ba don hawa suke saye ba, ajiyar kuɗi ce kamar yadda mu nan mutum zai sayi fili a bakin gari ya kewaye ya bar shi shekara goma, ko mace ta sayi zinariya ta sa a akwati. Sirrin shi ne ƙaranci. Kamfani zai ce guda 500 zan yi na Chiron kuma daga nan ya rufe, masu kuɗin duniya kuwa kullum ƙaruwa suke, to abu kaɗan masu so da yawa kun san yadda ake ciki, ko tumatir ne a watan da ya yi wuya. Akwai wata McLaren F1 ta Ingila, tsakanin 1992 da 1998 guda 106 kacal aka ƙera, direba a tsakiya yake zama da kujera ɗaya ta kowane gefe, har zinariya aka shimfiɗa a ɗakin injinta don ta mayar da zafi. Lokacin ana sayar da ita fam dubu 500 da ɗoriya, a 2021 an yi gwanjon ɗaya a Amurka dalar Amurka miliyon 20 da rabi (na ce dalar Amurka kar wani ya lissafa da dalarmu). Ɗan wasan barkwancin nan na Ingila Rowan Atkinson sau biyu yana yin hatsari da tashi, aka gyara, duk da haka a 2015 ya sayar da ita wajen fam miliyon 8. Wata tsohuwar Mercedes ta 1955 kuwa, da guda biyu ne kawai a duniya, yuro miliyon 135 aka saye ta a 2022.

Sai dai ba kowace ce ke tashi ba, a nan mutane ke ruɗuwa, suna jin labarin wanda ya ci riba ba su jin na wanda ya karye. Ga Rimac Nevera ta ƙasar Kuroshiya mai aiki da lantarki, doki 1914, ta fi Chiron tashi daga tsaye nesa ba kusa ba, guda 150 aka shirya yi amma kasuwarta ta yi sanyi, shi kanshi mai kamfanin ya faɗa a 2024 cewa masu kuɗin ba su cika son mai lantarki ba, kukan inji suke so. Kaga kenan ba gudun ake saye ba. Sannan fili ba ya cin komai in ka ajiye shi, ita kuwa ko tana tsaye tana ci, ga asirans ga bidanji ga ɗaki mai sanyi ga mai gadi, kuma in ka hau ta da yawa kilomita ta ƙaru kuɗinta ya faɗi. Ni a ganina ga wanda ke da miliyar ɗari ya fitar da ɗaya da rabi ta ci kuɗinta, don ko ta faɗi ba zai ji ba, ga wanda kuma ita ce rabin dukiyarshi wauta ce.

Baba_Mai_Doki:

Jikana ne ya karanto min wannan, nace ya rubuta min abin da zan faɗa. Yaro, abin da ka ji a jikinka da ka ji kukan motar nan kar ka ji kunyarshi, na san shi. Ina da doki, gado ne daga mahaifina nake riƙe da al'adar. Ba ya noma ba ya jan amalanke, jakin maƙwabcina ya fi shi aiki sau goma, amma kullum sai na auna mishi dawa, ga harawa ga kanwa ga wanka ga yaron da ke zagayawa da shi da yamma, shekarar da abinci ya yi tsada sai da na sayar da tumaki biyu saboda shi. Duk wannan don rana biyu ko uku a shekara. Ranar hawan salla in aka ɗaura mishi sirdi da jalala, kakaki na tashi a ƙofar fadar Sarkin Damagaram, dogarai sun jeru da jajayen riguna, na sake mishi linzami ya zabura sannan na ja ya tsaya cak ƙura ta tashi, wallahi abin da nake ji a ƙirjina a wannan lokacin ba ya da farashi a kasuwa. To ina zaton mai Bugatti ma haka ne, dokinshi ne.

Amma akwai bambanci kuma shi nake so ka riƙe. Dokina gari ne ke kallonshi kyauta, yaran unguwa na bin shi suna murna, in ana bikin wani a dangi na ba da aronshi, mai ɗinka sirdi da maƙerin likkafa da mai harawa duk 'yan garin nan ne, kuɗina a hannunsu yake faɗawa. Kuma ban taɓa ba shi dawa gidana na kwana da yunwa ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Allah mai kyau ne yana son kyau, sa tufa mai kyau ko hawa abin hawa mai kyau ba shi ne girman kai ba, girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane, amma kuma sun karantar da mu almubazzarai 'yan uwan shaiɗanu ne. Alhaji kuma tunda kace ajiyar kuɗi ce, a sani in mutum ya saye ta da niyyar sayarwa ya ci riba ta zama hajar kasuwa, zakka ta hau kanta, ba kamar motar hawa ba.

Ɗan_Birni:

Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Mama ki yi haƙuri in na tayar miki da ɓacin rai, mu ma gidanmu ƙannena ne ke bin layin. Baba maganar dokin nan ta shige ni sosai don ita ce abin da na kasa faɗa ma abokaina jiya. Amma yaya Mai Garaji da sauran masana akwai abu ɗaya da wani ya kafe a kai a fada, wai ko ba mu hau ba muna amfana, wai duk fasahar da ke cikin ƙananan motoci daga irin waɗannan manyan take gangarowa. Haka ne?

Mushe_Sabongari:

Ɗan Birni akwai ƙamshin gaskiya a maganar abokinka amma an cika mata gishiri. Gaskiya ne sabon abu yakan fara fitowa a mota mai tsada sannan ya sauko, burkin ABS da ke hana taya kullewa a 1978 Mercedes ta fara sa shi a manyan motocinta, yau har ƙananan motoci na da shi. Amma wannan motar alfarma ce da ake ƙera dubbai, ba irin ta miliyar biyu da ake yin guda ɗari ba. Abin da ya fi ceton rai a duk tarihin mota kuma, wato bel ɗin nan da ke ratsa kafaɗa da ƙugu, wani injiniya Nils Bohlin ne ya ƙirƙiro shi a Volvo a 1959, aka sa shi a motar iyali ta kowa, kamfanin kuma ya bar sauran kamfanoni su yi amfani da shi. Ni ina koya ma yara lissafi da kimiyya, kuma ina yawan kawo musu misalin Bugatti don su gane yadda iska ke aiki, idanunsu na buɗewa in sun ji an kai kilomita 490 a awa da wata Chiron a 2019 a filin gwaji na Jamus, to ta wannan fuskar tana da amfani, tana sa yaro ya so ilimi. Akwai wani ɗan Suwidin Christian von Koenigsegg, yana da shekara 22 ya kafa kamfaninshi a 1994 don kawai yana son ya ƙera motar da ya yi mafarki, yau motocinshi na gogayya da Bugatti, ina ba su labarinshi su ma. Amma injin silinda 16 da radiyato 10 ba abin da zai taɓa gangarowa cikin adaidaita ba ne.

Mai_Garaji_Zango:

Mushe ya gama magana. Abin da zan ƙara ƙanena, kai da kanka kana zaune cikin wata fasahar da ba ka ba ta girmanta ba. Ƙera motar da za ta yi 400 a fili mai santsi na minti goma aiki ne babba, amma ƙera wadda za ta yi shekara ashirin tana bin hanyar Tanut da Agadas da lodi har sama, tana shan gazuwal ɗin bido, tana shaƙar ƙurar hunturu, kuma in ta lalace a daji yaro mai makulli uku ya tayar da ita, wannan ma aiki ne babba, sai dai ba a yi mishi bidiyo. A 1987 da irin motocin nan na Toyota sojojin Cadi suka kori tankokin yaƙin Libiya, har yaƙin ya ɗauki sunan motar. Akwai wata Land Cruiser da nake yi ma aiki tun ina yaron garaji, mai ita ya rasu ɗanshi ya gada, satin da ya wuce ta dawo daga Tasker.

Tunda kana son inji haka, in ka sauke lodi ranar Alhamis ka biyo ta garaji bayan la'asar. Akwai injin V8 da na buɗe zan canza mishi zobe, ka zo ka ga yadda fistan takwas ke zaune a jere biyu, in ka gane wannan sai in zana ma a ƙasa yadda aka haɗa irinshi biyu a kan sanda ɗaya suka zama 16 ɗin Bugatti. Ka taho da kayen naka na zane in yana nan.